Ciwon Kafaɗar Inna

Da yayanmu ya rasu a hatsarin kabu-kabu a hanyar Tibiri, Inna ba ta yi kuka ba. Ɗanta ne na fari, kuma a gidanmu na Jiratawa kunyar ɗan fari ba wasa ba ce. Ba ta taɓa kiran sunansa ba, "wancan" take cewa, kuma ana yaye shi aka miƙa wa kakarmu. A zaman makoki ita ce ma ke ba 'yan gaisuwa haƙuri, mata suna ta yaba dauriyarta. Ni kam haushi ya cika ni.

Bayan sadakar arba'in sai kafaɗunta suka riƙe. Matar da ke wuni a fadama tana tsinkar zogale, ga ta ko kallabi sai an ɗaura mata. Na ɗauko ta zuwa gidana a unguwar Zariya, cikin Maraɗi. Aka yi radiyo, wato hoton ƙashi, likita ya ce ƙashi lafiya lau. Wanzami ya yi mata ƙaho har bayanta ya koma kamar rariya. Gwaggonmu ta Tibiri ta aiko da turare, ta ce iska ce. Inna dai sai ramewa take, abinci ma sai an yi da gaske. Tsoro ya kama ni kada mu rasa ta ita ma.

Wata maƙwabciyata, malamar lakwal, wato makarantar boko, ta ba ni labarin wata mata da ta karanci lafiyar ƙwaƙwalwa, tana duba masu damuwa. Da na faɗa wa Inna sai ta harare ni.

"Ke, mi kike nuhi? Na haukace ne?"

"Inna, mu dai je. In ba ta yi maki ba, mu dawo."

Na zaci tambayoyi za mu sha. Matar, wadda ba ta wuce sa'ata ba, ta durƙusa ta gaida Inna, ta shimfiɗa tabarma, ta ce ta cire takalmi ta ji ƙasa a tafin ƙafarta. Ta sa ta ja numfashi a hankali, ta sake shi a hankali. Ina gefe ina cewa a raina, yau ga aiki, mun ƙetaro gari guda don a koya wa tsohuwa numfashi.

Ko sau ɗaya ba ta yi mata zancen marigayi ba. Kullum muka je tambayar ba ta canzawa: "Inna, yau ina abin ya zauna?" Wata rana Inna ta nuna ƙirji, wata rana wuya. Ran nan ta kai hannu da kyar ta nuna tsakiyar baya.

"Mi kike ji a wurin?" in ji matar.

"Nauyi." Inna ta sake taɓa wurin. "Da ɗumi."

"To ki bar bayan shi yi abin da shike so, Inna. Ba mai kallon ki."

Matar ta dube ni, na sunkuyar da kai, amma ina satar kallo. Inna ta ranƙwafa. Hannayen nan da suka ƙi motsi suka zagaya baya sannu a hankali, suka haɗu ƙasan ƙugu, yadda mace ke tallafe goyo. Sai ta fara jijjiga. Ta daɗe tana yi kafin kukan ya zo, kuma da ya zo, ban taɓa jin irinsa a bakinta ba. Matar ba ta ce ta yi haƙuri ba. Ta dai dafa ta, suna numfashi tare. Tausayin Inna ya kama ni har na rasa inda zan sa kaina.

Ba ranar kafaɗun suka saki ba, sai da muka yi ta zarya. Amma da muka koma gida ta nemi fura da bakinta, ta kuma shanye. Kafin damina ta ce zaman birni ya ishe ta, ta koma Jiratawa.

Da na je ganin ta, a fadama na same ta. Ta cika kwando da zogale, ta ɗora a kai da kanta, har tana yi mini tsiya wai 'yan birni ba su iya tafiya a kan kunyar gona ba. Muna bin bakin hanyar ruwa, ban tambaye ta komai ba, sai ta ce:

"Yayanki da hannun hagu shike cin tuwo shina ƙarami. Kakarku ta yi ta bugun hannun nan."

"Inna, ya aka yi kika sani? Ai ba wajenki ya tashi ba."

"Akwai wata kahwa a dangar gidanta," ta ce. "Kullum da marece nan nike tsayawa ina leƙen shi har shi ƙare cin tuwo."