Bindigogin Malam Bitrus

Shekara takwas ke nan da muka kai Malam Bitrus garinsu Manchok muka binne. Kowace shekara nakan ce zan rubuta wani abu a kansa, sai biro ya ƙi. Bana na matsa masa.

Shi malamin makaranta ne, ni kuwa mai ɗaga tuta a tashar jirgin ƙasa ta Kafanchan, unguwarmu ɗaya. Da ya yi ritaya, 'yarsa da ke aiki a Legas ta aiko masa da kwali. A ciki jirgin ruwan yaƙi ne na zamanin yaƙin duniya na biyu, na roba, gutsure-gutsure, sai ka haɗa da kanka. Na ce masa, "Malam, a garin nan jirgi kan dogo yake tafiya. Naka a randar Mama Saraya za ka tuƙa shi?" Mama Saraya matarsa ce. Bai kula ni ba. Ya ɗora tabarau kan tabarau, yana yanko ƙananan kayan da reza, ya goge bakinsu da samfefa, ya ɗauka da matsefata, ya ɗiga gam da tsinken sakace. Igiyoyin jirgin da zaren kitso ya ja su. Abin da ya fi ba ni haushi, da ya gama shafa fenti ruwan toka tsaf, sai ya dawo da siririn burushi yana zana tsatsa a jikin sabon abu. Wai jirgin da ya sha gishirin teku ba ya ƙyalli.

Manyan bindigogin jirgin tara ne, uku-uku, ba wadda ta kai tsawon yatsana.

Ni kuma ina da wata cuta: idan zan yi wasa ba na dariya. Wata safiya a teburin mai shayi, lokacin gari ya ɗau zafi, ana maganar hare-haren da ake kai wa ƙauyuka, sai na haɗe fuska na ce, "Ku kwantar da hankalinku. Malam Bitrus bindiga tara gare shi a ɗaki, manya, ƙirar Turawa. A kwali aka aiko daga Legas. Kullum yana ciki yana haɗa su." Tsofaffin da suka san ni suka yi murmushi. Ban duba fuskar waɗanda ba su san ni ba.

Bayan kwana uku, da hantsi, aka shigo da gawarwaki daga ƙauyukan a bayan akori-kura. Samarin unguwarmu, namu na gida, waɗansu ma Malam ne ya koya musu riƙon fensir, suka cika ƙofar gidansa da adduna da gorori. Ina tsallaken titi, wajen mai facin keke.

"Baba Ticha, fito da kaya."

"Wane kaya?"

"Bindiga tara. Ana yanka mutanenmu, kai ka zauna a kan kaya."

Ya shiga, ya fito da jirgin a hannu biyu, a hankali, kamar dattijon ikilisiya ɗauke da tiren Jibin Ubangiji. Ya ce, "Ga su nan, 'ya'yana. Ku ƙirga." Suka ɗauka raini ne. Wani mai jan ƙyalle a ka ya kai wa jirgin gora, ya tarwatse. Gora ta biyu ta sauka a wuyan hannun Malam, daga inda nake na ji ƙarar ƙashin. Suka ja shi ƙasa. "Wa ka sayar ma? Maharan ka ba, ko?" Suna tambaya suna duka, ba mai jiran amsa. Ƙeyar adda ta fasa masa goshi, jini ya cika tabaran. Waɗansu suka kutsa ciki, suka farke katifa, suka fasa silin, suka haƙe daɓen ɗaki. Mama Saraya ta faɗa a kansa ta rufe shi, suka tattake ta, haƙoranta biyu suka zube a rairayi.

Kalma huɗu ta isa: ni ne, wasa nake. Bakin nan nawa da bai taɓa zuwa hutu ba, ranar ya ƙi buɗuwa. Na tsaya riƙe da keken da ba nawa ba har suka watse. Kwana biyu Malam ya yi a asibiti, ya cika.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya leƙo yau. Samari sun daina zuwa neman bindiga gidan tsofaffin malamai, sun san inda ake samu. Maganar da ta ci kwana uku kafin ta zaga unguwa, yanzu waya kan kai ta Gwantu kafin shayi ya huce. Mai jan ƙyallen nan ya yi aure, yana rera waƙa a majami'armu, kuma in faɗi gaskiya muryarsa ba laifi. Ina jin Malam da ya gan shi sai ya tambayi lafiyar yaransa. Wannan halin nasa ni har yau ban gane masa ba.

Makon jiya na ɗauki sandata na je wurin Mama Saraya, don na gaji da cin abincinta da wannan abu a wuya. Na same ta tana wankin acca.

"Mama, maganar bindigogin nan daga bakina ta fito."

Ba ta ɗago ba. "Na sani, Baba Luka. Matar mai shayi ta gaya mini tun ba a rufe Malam ba."

"Shekara takwas kina zuba mini abinci?"

"Shi ya hana a tambaye ka, a gadon asibiti. Ya ce a bar ka ka kawo da kanka. Ya ce tun kuna firamare ba ka taɓa kawo aikin gida a kan lokaci ba."

Jirgin dai tsintsiya ta kwashe shi, ko dunƙulen gam bai rage ba. Abin da ya rage na Malam Bitrus shi ne mutum da fasasshen kai, numfashi na ƙarewa, yana tunanin yadda za a bar wa matsoraci ƙofa a buɗe.

Na tambaye ta ko an karɓi aikin nawa. Ta ce ita ba malama ba ce, in je in wanke hannu, gwate ya kusa nuna.