Gaisuwar da Muka Rasa

Darni ɗaya ne ya raba gidanmu da nasu, a bakin wani ƙauye kusa da Garki. Lokacin Turawa ba su daɗe da kama ƙasa ba. Maƙwabtan namu mutanen Kudu ne, Kiristoci, 'yan mishan suka turo mijin yana wanke gyambo yana ba da magani a wata rumfa. Matar kuwa ta zo da goyo, ba ta san ko sannu ba.

Ni na koya mata Hausa, ta kan darnin nan. Na koya mata tuƙa tuwon dawa, ko da yake har ta bar garin tuwonta bai rabu da gudaji ba, kuma ban taɓa fasa yi mata tsiya a kai ba. Ni ma baƙuwa ce a ƙauyen, daga Dutse aka kawo ni, ga ni da baki, matan gari ba su cika son zama da ni ba. Ita kaɗai ke jure ni. Shekara uku, duk gidan da aka yi haihuwa ko rasuwa sai ta ɗaura zane ta bi ni, ta zauna a gefe tana kallon yadda ake yi.

Da bazara sanƙarau ya shigo gari, ya ɗauke mijinta cikin kwana biyu. Wasu mutanensu biyu suka zo suka binne shi a bayan rumfar, suka koma.

A nan muka rasa ta cewa. Mu dai gaisuwar mutuwa ɗaya muka sani, Allah ya jiƙansa ya gafarta masa, kuma mun taso muna jin ba a faɗar haka ga wanda ba Musulmi ba. Mata suka yi ta muhawara a bakin rijiya. Wata ta ce a je, wata ta ce a je a ce me? Aka watse ba wadda ta je. Ni da nake ganin na fi su, ban fi su da komai ba. Nakan zuba tuwo in miƙa ta ƙasan darni, in janye hannu da sauri kada ta yi min magana. Ina jin kukan 'yarta, ina jin ta tana rarrashi da yarensu. Kwana uku ina haka, kuma har yau ina jin kunyar kwanakin nan.

A rana ta huɗu na kasa daurewa, na durƙusa gaban surukina, wanda malami ne mai makarantar allo, na faɗa masa abin da ya hana mu. Bai ɗago daga rubutunsa ba sai da na gama. Ya ce shi tun ranar farko ya aika mijina ya yi wa mazan da suka zo binne shi gaisuwa, ya ɗauka mu ma mun shiga. Sannan ya tambaye ni wa ya hana mu cewa Allah ya ba ta haƙuri.

Na shiga gidan na tarar ta ɗaure kaya. An aiko za a kai ta Kano washegari, ta hau jirgin ƙasa zuwa garinsu. Ta rame, ta zauna a bakin ƙofar ɗaki. A tsakar gida kuwa tabarmi uku ne a shimfiɗe, da randa cike da ruwa da moɗa a kai, daidai yadda ta ga muna shirya wa masu zuwa gaisuwa.

Na ce Allah ya ba ta haƙuri. Ta ce amin. Sai ta tambaye ni me ta yi mana.

Na shiga bayani, ina kame-kame, cewa ba ƙiyayya ba ce, kalmar ce ba mu da ita. Ta bar ni har na gaji. Sannan ta ce, da Hausarta mai karkata:

"Ni ma duk gidan da kika kai ni ban san abin cewa ba. Zama nake yi."

Na zauna a kan tabarma ɗaya, ta taso ta zauna kusa da ni. Har la'asar ba wanda ya shigo. Da rana ta yi sanyi ta naɗe sauran biyun, ta jingina su da bango.