Ba Namijin Dare Ba Ne

Assalamu alaikum 'yan zauren karatu. Ni ce Maman Ummi, sarauniyar nacin a turo ci gaban labari. Tun kakar bara kuka daina jin ɗuriyata, har wasu suka ce fushi na yi. Ba fushi ba ne. Kabari na leƙa na dawo.

Kun san ni da littattafan soyayyar aljanu. In na gama tuyar ƙuli, sai in jingina da rumbu in buɗe waya. Yariman aljanu ya sace amarya, ana ta nema, zuciyata na dukan uku-uku. Ɗan nishaɗina ke nan, ban tare wa kowa komai ba.

Sai al'adata ta rikice. Jini ya ƙi ɗaukewa, har da gudaji. Marata ta yi tauri tana tasowa, kuma ba ciki ba ne. In na miƙe sai jiri ya kwashe ni.

Inna, surukata, ta dube ni ta dubi wayar. "Kullum kina kiran sunayensu, ba dole su amsa ba? Namijin dare ne ya aure ki."

Wallahi ban musa ba. A labaran ma haka abin yake farawa.

Aka kulle wayar a akwati, aka shiga hayaƙi da rubutu da ruƙiyya. Malamin farko mutumin kirki ne. Ya ce wa mijina, Baban Ummi, "Ni ban ga kowa a jikinta ba, ku gwada asibiti." Inna ta ce aljanin ne mai taurin kai, aka sake malami.

Damina guda na yi a kwance kan leda. Ina jin ana noma, ana girbi, ni ko moɗa ba na iya ɗagawa. Na roƙi Allah ko sauƙi ko mutuwa.

Ranar kasuwar Tsanyawa na yanke jiki na faɗi a ƙofar ɗaki. Da zani aka ɗaure ni a bayan Baban Ummi kan babur zuwa bakin titi, daga nan bas ta kai mu Kano.

Nas ta ja fatar idona ta yi salati. "Ina kuka kai jinin baiwar Allahn nan?"

Yayyena suka ba da nasu. Baban Ummi ya sayar da gyaɗar iri da san huɗa. Aka yi hoton ciki. Ƙari ne a mahaifa, ba ma ɗaya ba.

Aka ce sai tiyata. Likita ta ce, "Za mu yi ƙoƙari mu bar miki mahaifar. Amma in jini ya ɓalle, ranki za mu zaɓa."

Na riƙe rigarta ina kuka kamar ƙaramar yarinya. "Likita, 'ya ɗaya gare ni. Don Allah don Annabi."

Da na farfaɗo, Inna na gani a gefen gado, fuskarta sharkaf da hawaye. Ban tambayi kowa ba, na riga na san an cire mahaifar.

Da likita ta zo zagaye ta ce, "Da tun farkon jinin kika zo..." Ba ta ƙarasa ba.

Ranar sallama Inna ta kwance wayar daga bakin mayafinta. "Ungo, 'yar nan. Ki yafe mini." Na yafe. Tsoro ne ya ja ta, ni ma shi ya ja ni.

Yanzu alhamdulillahi ina taka ƙafata, har na koma matsar mai. Likita da nas-nas, yayyena, Baban Ummi, Allah ya biya ku da Aljanna.

'Yan uwa mata, in jini ya wuce kwanakinsa, in mara ta yi tauri, ku yi addu'a amma ku tafi a yi hoto. Kada ku jira amfanin gona ya zo gida. Kada kunya ta rufe muku baki.

Ku turo mini inda aka tsaya, zan karanta. Sai dai in an zo wurin da amarya ta haihu ana guɗa, ku yi mini uzuri, tsallakewa nake yi.