Malama Rakiya da Rariyar da Ba Gari

Ina gona ina cirar gyaɗa da hantsi na hango mutum yana turo keke ta hanyar Ɗanbatta. Da ya matso na gane Malam Garba ne, mai bayanin majigi, wato siliman da ake yawo da shi ƙauyuka, mutumin da muryarsa kan cika fili ta lasifika har 'yan bayan gari su ji. Ranar nan da ƙyar na ji sallamarsa. Ya jingine keken a gindin ɗorawa, ya tsugunna ya ce, "Isiyaku, sai haƙuri. Malama ta cika jiya da la'asar a Zakirai, an kuma yi mata sutura." Na yi salati, na zauna a kan tulin harawa.

Malama Rakiya, wadda ƙauyukan ƙasar Kano suka sani da Rakiya Mai Majigi, ita ta haife ni, ni ne kuma ɗanta na fari. Abin da ya fara faɗo mini a rai shi ne, ta tafi ban taɓa jin sunana a bakinta ba. Kowa ya san alkunyar ɗan fari, amma tata ta fi ta kowa. Wasu iyaye mata sukan laƙaba wa yaro wani suna su riƙa fakewa da shi, ita ko wannan ba ta yi ba. Ana yaye ni aka kai ni ɗakin kakata, Inna Kulu, na tashi ina kiran mahaifiyata Yaya. In tana da saƙo sai ta dubi bango ta ce, "A gaya wa na wajen Inna." Na girma, na yi aure, na haihu, ban daina tambayar kaina ba: kunya ce kawai, ko kuwa babu ni a zuciyarta?

Amma bari in faɗi wace ce ita tukuna. Mahaifinta malamin allo ne, a zaurensa ta sauke Alƙur'ani ta iya ajami. Bayan rasuwar mahaifina ta tafi birni, ta koyi boko, ta shiga aikin koya wa mata tsabta. A nan 'yan majigin En'e suka same ta, su da wani Bature mai akwatin ɗaukar hoto. Suna neman mai yi musu magana da mata, tun da yake namiji ba ya wuce zaure. A matsayin tafinta suka ɗauke ta, amma kafin damina ta zagayo ita ke rubuta labarin, ita ke zaɓen masu wasa, ita ke cewa a ɗauka ko a dakata. Baturen ya tsaya ga akwatinsa, ya kuma yi hankali da ya yi haka.

Ba ta taɓa kai labari gaban akwati ba sai ta gwada shi a kan tsofaffi. Takan zauna wajen masu ɓarar gyaɗa ta ba su shi kamar tatsuniya, idonta na kan hannayensu. In hannu ya tsaya, labari ya yi. In ɓara ta ci gaba, sai ta naɗe tabarmarta ta koma ta sake. Takan ce, "In tsohuwa ba ta yarda ba, gari bai yarda ba." Takan kuma ce, "Hoto ba ya ƙarya, sai dai mai tsara shi ya yi."

Sau ɗaya tak na ga aikinta da idona, shekarar da suka zo garinmu ɗaukar majigin lamba, wato allurar tsare agana. Na je ne da niyyar in gaishe ta in koma gona, sai na kasa tafiya. Mace ce gajeruwa, ba ta da murya, tana riƙe da karan dawa, amma in ta ɗaga karan nan ko akuya sai ta yi shiru. Dagacinmu, Allah ya ja zamaninsa, shi ma an ba shi wuri a cikin wasan, aikinsa kawai ya wuce ta gaban rijiya. Duk wucewar da zai yi sai ya tsaya ya ɗaga wa akwati hannu. Da abin ya ishe ta, ta durƙusa cikin ladabi ta ce, "Ranka ya daɗe, akwatin nan ba baƙo ba ne, ba ya amsa gaisuwa." Dagaci ya yi dariya har rawaninsa ya karkace, ya wuce yadda ta ce. Ban taɓa ganin macen da ta gyara wa mai sarauta tafiya ya kuma gode ba sai ita.

An kafa zana a bayan gari an yi kamar tsakar gida. Labarin na wata mace ne da ɗanta na fari ya kamu da agana saboda an ɓoye shi ranar lamba. Wata mai sayar da fura, Indo, ita ce uwar. Da aka ce a ɗauka, Indo ta faɗa kan yaron ta rungume shi, ta ɗora hannu a ka tana kururuwa. Malama ta ɗaga kara.

"Indo, wannan ɗanki na nawa ne?"

"Na fari, Malama."

"A gidan wa kika taɓa ganin haka?"

Indo ta rufe baki da gefen zane. "To ya zan yi? Ai sai a ce ban damu da shi ba."

"Fito waje. Juya wa ɗakin baya. Ga rariya, ki yi tankaɗe."

Aka kawo rariya da ƙwaryar gari, Indo ta fara. Malama ta bar ta har garin ya ƙare, tsakin ma ta sa aka kwashe. Indo za ta ɗebo wani ta ce, "A'a. Ci gaba haka nan. Ke ba ki san ya ƙare ba." Sai ga mace zaune tana kaɗa rariyar da ba komai a cikinta, idonta na ƙasa, kunnenta na ɗaki. Baturen ya matso da akwatinsa daidai hannunta. Malama ta ce da Indo a hankali, "Abin da ido ya kauce wa, shi zuciya ke kallo."

Ni ma na yi agana ina yaro, ga zanenta nan a fuskata. A ɗakin Inna Kulu na yi jinya. An ce mini Yaya ta zo, amma ba ta leƙo ba, wannan kuwa ya daɗe yana ci mini rai. Abin da nake iya tunawa a cikin zafin ciwon nan shi ne ƙarar tankaɗe a bayan ɗaki, tun safe har rana ta faɗi. A lokacin har haushi nake ji, ina cewa wane irin tuwo ne wannan da ba a gama tankaɗensa. Da aka tashi daga ɗauka na je na durƙusa na gaishe ta, ina jiran ko za ta ce wani abu. Ta dubi wani wajen ta ce, "Gyaɗa ta yi kyau bana?" Na ce ta yi. Shi ke nan hirar tamu. Na koma gida da tambayata, domin mai tsara labari yana iya ɗauko abu a ko'ina.

Da aka dawo aka nuna majigin a filin kasuwa bayan magariba, ina can Kano na kai gyaɗa, ban gani ba. Matata ce ta ba ni labari. Ta ce ana ta hayaniya da dariya har aka zo kan rariyar nan, sai wajen mata ya yi tsit, wata tsohuwa ta fashe da kuka. Da gari ya waye, masu lamba sun tarar da mata a layi da 'ya'yansu, har da waɗanda a da ake ɓoyewa a rumbu.

A gidan Inna Kulu aka yi zaman makoki. Mutane suka yi ta zuwa daga garuruwan da ban taɓa takawa ba. Abin da ya ɗaure mini kai, duk wanda aka nuna masa ni aka faɗi sunana sai ya ƙara dubana. Wani dattijo daga Zakirai ya riƙe hannuna ya ce, "Ashe kai ne Isiyakun. Mun daɗe da saninka. Kai ne ka yi agana, kai ne ka sha ruwan kududdufi, kai ne kuma ka shiga makaranta ka fito malami." Na dubi Malam Garba ina neman bayani.

Ya ce, "Ba ka sani ba? Majigi ba ya magana, ni ke yi masa baki. Duk labarin da Malama ta tsara akwai yaro a ciki, kuma sunansa ɗaya ne. Ranar farko na ce, Malama, wane suna zan kira yaron nan? Ta sunkuyar da kai ta ce, 'Sunan ɗan Annabi Ibrahim. Ba Isma'ila ba, ɗayan.' Na taɓa cewa a canja, mutane sun fara yi mini tsiya wai ban san wani suna ba. Ta ce a canja komai, ban da wannan." Ya share ido da hannun riga. "Kowa yana gaban farin ƙyalle yana kallo, ita tana bayan motar majigi, gindin lasifika. In na zo faɗin sunan sai ta ja mayafi ta rufe fuska, amma ba ta taɓa matsawa daga wurin ba."

Na tashi na zaga bayan ɗakin da na yi jinya, na zauna inda nake jin ta zauna. A nan na yi kukan da ban yi a gona ba. Ina neman ta kira ni sau ɗaya a tsakar gida, ashe ta sa an yi ta kirana a kowane fili daga Ɗanbatta har Zakirai, tana tsaye tana saurare.

Ya Allah, ka jiƙan baiwarka Rakiya, ka yafe mata kurakuranta, ka haskaka kabarinta, ka yalwata mata shi. Yaran da suka tsira daga agana ta dalilinta, ka sanya su a mizaninta. Ka ba Inna Kulu haƙurin binne 'ya, ka ba ƙannena da abokan aikinta dangana, ka kyautata namu ƙarshen. Ya Ubangiji, ka tara mu da ita a Aljanna, ko da can ma bango za ta duba ta ce a gaya wa na wajen Inna. Yanzu na san da wa take. Amin.