Tankin Banɗaki da Surukina

Jama'a, yau na sha kunyar da ban taɓa sha ba.

Na yi hayar motar nan mai ɗaki da banɗaki, don in zaga bakin teku da matata Hadiza da Baba, mahaifinta. Mai motar ya fara bayanin inda ake zubar da abin da ya taru a tankin banɗakin, ga Baba tsaye a gefena. Ni da wannan zance a gaban suruki? Na ce, "Khalas, ya isa, na gane."

Yau muna hanyar dawowa Doha tanki ya cika. Wari ya tashi, Hadiza sai fesa turare take yi. Gidan mai uku na tsaya, ina cewa ruwa zan saya, ina tambayar ma'aikata wurin zubarwa a ɓoye. Kowa ya ce ba a nan ba.

A na huɗu Baba ya yi gyaran murya. "Malam Sani, ruwan ya isa haka."

Ya zaro takarda daga aljihu. Ashe tun ranar da muka karɓi motar ya koma ya tambayi mai motar, aka zana masa wurin.

Na ce, "Baba, me ya sa ba ku faɗa ba?"

Ya ce, "Ni ma kunyarka nake ji."