Ƙarfen da Na Sa wa Baba a Ƙafa

Wasu shekaru can baya, a tsakiyar sanyin Jos ɗin nan da ruwan alwala ke yanka hannu, mahaifina yana kwance da ciwon suga. Ƙafafunsa kullum sanyi ƙalau, kuma sun daina jin komai, ko allura aka soka masa bai sani ba.

Mahaifiyata tana da dabarar da ta gada tun zamanin haƙar kuza. Takan ɗumama dutse a bakin murhu, ta naɗe shi da tsohon zani ninki uku, ta tura masa ƙarƙashin bargo. Dutse a hankali yake ɗaukar zafi, a hankali yake sakinsa.

Wata safiya ta tafi ta'aziyya Kabong, ta bar min aikin. Ni kuwa malamin kimiyya ne, ga gaggawa, ga ganin na fi tsofaffi dabara. Dutse ya ƙi zafi, ina neman makara. Sai na ɗauko guntun ƙarfen da muke tokare ƙofa da shi, na cusa cikin garwashi, na naɗe da tawul falle ɗaya, na jingina da tafin ƙafarsa. Har ina yaba wa kaina.

Na ce, "Baba, ka ji ɗumi?"

Ya yi dariya. "Malam, ni da ba na jin ƙafar? Je ka, kar ɗalibai su jira ka. Allah ya yi maka albarka."

Da na dawo da azahar na tarar da mahaifiyata zaune a ƙofar ɗaki, ƙarfen a gabanta. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Kai da ka yi boko, ba ka san ƙarfe ba ya riƙe wuta a cikinsa ba?"

Na sani mana. Sau nawa na sa ɗalibai su taɓa cokalin da ke cikin shayi, su ji yadda zafi ke bin ƙarfe ya iso hannu?

Fatar tafin ta saluɓe, ciwon kuma ya ƙi warkewa. Bayan wata biyu aka yanke ƙafar daga ƙasan gwiwa. Har ya rasu bai taɓa ɗora min laifi ba, cewa yake ƙafar da ma ta daɗe da mutuwa. Da ma zagina ya yi, da na samu sauƙi.

Mutane suna ce min ƙaddara ce, na kuma yarda. Amma duk shekara in darasin nan ya zo, wani malami nake roƙo ya shiga min ajin. Abin da ya ƙi barina shi ne, a daidai lokacin da Baba yake sa min albarka, ƙarfen ya riga ya fara cin ƙafarsa.