Wayar Baba Mai Geji Tana Hannuna

Da safen nan ina tsugune a shago ina kwance kabiretar wani injin ban-ruwa, hannuna duk baƙin mai, Sabi'u, ɗan Malam Haladu, ya kira ni ya ce, "Nasiru, Baba fa ya cika."

Na ce wane Baban? Wallahi haka na tambaye shi, sai ka ce yana da uba goma.

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Malam Haladu Mai Geji ya rasu bayan sallar asuba a gidansa da ke nan Kazaure. Mun kai shi makwancinsa kafin azahar. Har yanzu kaina bai dawo daidai ba, don haka in kun ga ina kwan-gaba kwan-baya ku yi mini uzuri. Amma don Allah ku karanta har ƙarshe, akwai abin da nake roƙo.

Ga waɗanda ba su san shi ba, gejin da ake kiransa da shi wani dogon ƙarfe ne mai lambobi da aka taɓa kafawa a gindin gada, a rafin nan da ke kwaso ruwan duwatsun wajen Roni da Gwiwa, ya bi ta ƙasar Babura ya tsallaka Nijar. Aikin Baba ke nan lokacin yana ma'aikaci, kullum ya je ya duba inda ruwa ya kai ya rubuta.

Ya yi ritaya. Ƙarfen ya yi tsatsa, daga baya ma 'yan jari-bola suka cire abinsu.

Wani da sai ya zauna a gida ya ji rediyo. Shi kuwa sai ya samo fenti ya ja layi biyu a jikin ginshiƙin gadar, fari a ƙasa, ja a sama. Ya ci gaba da zuwa a kan tsohon kekensa. Ba wanda ya aike shi, ba kuma wanda ya taɓa ce masa sannu a ofis.

Ni makanike ne, injin ban-ruwa nake gyarawa. Lokacin da na buɗe shago ba wanda ya san ni, Baba ne ya riƙa jawo mini masu lambu. Sai ya tsaya bakin ƙofa ya ce musu, "Ku ba Injiniya, in ya lalata ku zo ku kama ni." Ban taɓa shiga jami'a ba, amma daga bakinsa sunan ya bi ni har yau.

Bai taɓa zuwa shagona hannu rabbana ba. In ba gyaɗa ba, albasa. Ranar da babu komai sai ya ɓare goro ya miƙo mini rabi, alhali ya san ba na ci.

Kuma kada ku ɗauka daɗi kawai muke yi. Mun sha faɗa. Da rani, in masu lambun sama suka tare rafin da buhunan yashi suka jefa tiyo, na ƙasa ba sa ganin ko ɗigo, balle waɗanda ke bayan iyaka. Baba zai bi su ɗaya bayan ɗaya yana lallashi har su yarda su ɗage buhunan ranar Juma'a. Daga can sai ya biyo ta shagona ya sauke mini sauran fushin.

Ya taɓa ce mini, "Duk injin da ka tayar a nan, akwai matar da za ta ƙara tafiya da tulu a can. Ka dai sani."

Na ce, "To Baba in daina cin abinci?"

Ya ce, "Ban ce ka daina ba. Na ce ka sani."

Ranar na ji haushinsa ƙwarai. Har na ce wa yaran layinmu tsohon nan ya fiye sa ido.

Haɗuwarmu ta ƙarshe Juma'ar da ta wuce ce. Ƙafarsa ta kumbura ba ya iya tuƙa keke, ya ce in kai shi gada a mashin ɗina. Muka je. Ya dafa kafaɗata muka gangara, ya nuna mini layukan da sandarsa.

Ya ce, "Ka ga jan nan? In ruwa ya taɓa shi ba a jiran kowa, ba a jiran gobe. Mutanen can ruwan yakan zo musu rana tsaka, babu ko hadari a sama. Mu ne muke ganinsa kafin su."

Na yi dariya na ce, "Baba, ni fa sifana na sani."

Bai yi dariya ba. Ya ciro wayarsa, irin ƙaramar nan mai tocila da aka ɗaure da roba, ya fara nuna mini wasu lambobi. Ya ce, "Waɗannan shida kiransu ake yi. Na bakwai kuwa, shi nasa daban ne..."

Daidai nan tawa wayar ta yi ƙara. Wani mai lambu ne injinsa ya ƙi tashi. Na ɗaga wa Baba hannu, na tsaya ina surutun fulogi da mai. Da na gama na ce masa, "Baba mu tafi, gobe ma ƙarasa."

Ya ce, "Allah ya kai mu."

Ban koma ba. Aiki ya sha kaina, ko kuma in faɗi gaskiya, na manta.

Yau bayan mun dawo daga maƙabarta, Inna Uwale, mai ɗakinsa, ta aiko Sabi'u ya kira ni soro. Ta miƙo mini wayar nan ta bayan labule. Ta ce, "Malam ya ce a ba ka."

Na ce, "Inna, ni? Ga Sabi'u, ga yayyensa."

Ta ce, "Haka na ce masa. Ya ce kai ne duk masu bakin rafi ke ɗaukar wayarka ko suna cikin salla, saboda injinsu."

Ban san ko dariya zan yi ko kuka ba. Na karɓa na sa a aljihu.

Kun dai san ruwan da aka kwana biyu ana tafkawa a wajen Roni da Gwiwa. Bayan la'asar ina zaune a wurin zaman makoki zuciyata ta ƙi kwanciya. Na tashi ban yi wa kowa sallama ba, na hau mashin sai gada.

Farin layin ya nutse, ba a ganinsa. Jan kuma ruwa na lasar gindinsa, ya taɓa ya sauka, ya taɓa ya sauka. Na tsaya kamar wawa. Wannan shi ne ya taɓa, ko sai ya rufe shi? Fentin ya kai faɗin tafin hannu, daga ƙasansa ake lissafi ko daga sama? Na waiga in tambaya, sai na tuna wanda zan tambaya mun baro shi ɗazu.

Na buɗe wayar. Babu sunan kowa. Ruwa 1, Ruwa 2, haka har Ruwa 7. Sai daga baya na gane a jere suke yadda ruwan ke isa gare su.

Na fara kira. Kowa ya ɗauka sai ya ce, "Baba, barka da yini, ya taso ne?" Ni kuma in rasa da wanne zan fara, rasuwar ko ruwan. Na ɗaya na gaya masa rasuwa, ya yi ta salati har na kusa mantawa da abin da ya sa na kira. Daga na biyu sai na koma cewa, "Ku kwashe inji da dabbobi daga kwari," sannan in faɗi ɗayan. Huɗu daga cikinsu ashe kwastomomina ne, sun gane muryata.

Na biyar da na shida lambobin Nijar ne. Na biyar ya ɗauka. Na shida bai ɗauka ba, sai na tsallake na kira na bakwai.

Ta shiga. Ta yi ƙara sau ɗaya, sabis ya ɗauke, kiran ya yanke. Na ce bari in ɗan jira in sake.

Ina tsaye sai ga na shida ya biyo kira. Wani dattijo ne, Malam Isuhu, mai noman albasa a bayan iyaka. Ashe albasar da Baba ke kawo mini tasa ce. Na gaya masa komai. Ya yi addu'a, sannan ya ce, "Ka taɓa na Ardo?"

Na ce wane Ardo?

Ya ce, "Ardo Ja'e, na ƙarshe. Shi ba ya ɗaukar waya, rugarsa babu sabis. Kullum bayan la'asar yake hawa tudu ya jira filashin daga Malam Haladu. Filashin ɗaya, lafiya lau, ku kwana inda kuke. Filashin biyu, ruwa na tafe, ku tashi. Sau nawa ka yi masa?"

Jama'a! Na zauna a bakin kwalta.

Sau ɗaya ta yi ƙara.

Na sake kira, na sake, na sake. A kashe. Ya ga saƙonsa ya sauka daga tudun. Da wayar Baba, da hannuna, na gaya wa mutumin nan ya kwanta da iyalinsa da shanunsa a cikin kwarin rafi, wai lafiya lau.

Na tambayi Malam Isuhu me ya kai su zama a kwari da damina. Ya ce ina za su zauna? Gonaki sun cinye tudu, sun cinye burtali, kwarin ne kaɗai ba a shuka ba. Na ce to ya aika a gaya musu mana. Ya ce zai tura ɗansa, amma Ardo ya yi ƙaura kwanan nan, bai san ainihin inda ya sauka ba. Baba ne kaɗai ke sanin inda Ardo yake, don duk sanda ya tashi sai ya aiko masa ta bakin masu zuwa kasuwar Babura.

Na ce yaushe ruwan zai kai can? Ya ce wani lokaci kwana ɗaya da yini, wani lokaci bai kai haka ba, ya danganta da yadda yashi ya riga ya sha. Ardo kuma ba zai sake hawa tudu ba sai gobe bayan la'asar.

Ni ban sani ba ko ruwan nan zai kai yadda nake tsoro. Wataƙila ma bai taɓa jan yadda Baba ke nufi ba, na tayar wa mutum shida hankali a banza. Wataƙila kuma ya wuce haka tun ina wannan rubutun. Ban sani ba wallahi. Shekara nawa tsohon nan yana wannan abu shi kaɗai, muna gaishe shi muna wucewa, ba wanda ya taɓa zama ya ce koya mini. Ni da ya zaunar, na ɗaga masa hannu saboda fulogi.

Ga roƙona. Duk wanda ke Babura ko ƙauyukan bakin iyaka, 'yan acaɓa masu tsallakawa, masu sayen nono, masu canjin sefa, duk wanda ya san inda Ardo Ja'e ya sauka ko ya san wanda ya sani, don girman Allah a kai masa wannan maganar yau: filashin ɗin ɗazu kuskure ne, biyu ne. Su hau tudu. A kuma gaya masa Malam Haladu ya rasu, don na tabbata bai ji ba.

Ni ma na cika tanki. Ina idar da sallar magariba zan kama hanyar Babura in kwana can, da asuba in tsallaka wurin Malam Isuhu mu bi kwarin. Ban san fuskar Ardo ba, ban san hanya ba. Wayar dai tana aljihuna, kuma ina ta gwadawa.

Ya Allah ka jiƙan Baba Haladu, ka yafe masa kurakuransa, ka haskaka kabarinsa. Yadda ya yi shekaru yana tsayuwa a gindin gada saboda mutanen da wasunsu bai taɓa ganin fuskarsu ba, Allah ka tsaya masa ranar da ba mai tsaya wa wani. Ka shayar da shi daga Alkausara. Ka ba Inna Uwale da su Sabi'u haƙuri.

Wanda duk ya karanta, don Allah ya yi masa addu'a ko da Ƙulhuwallahu ce ƙafa uku, ya kuma tura wannan rubutun gaba. Ku haɗa da ni a ciki. Ku roƙa mana Allah ya sa in riga ruwan nan isa.